SHANYEWAR ƁARIN JIKI: Jawabi ga Jama'ar Ƙasar Gumel

Muna gaishe ku, mutanen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, na gari da na ƙauye da na ruga. Muna gaida 'yan'uwanmu na Nijar da kan zo cin kasuwa daga wajen Dungas da Magariya. Yau maganarmu a kan ciwon nan ne da ake kira shanyewar ɓarin jiki, waɗansu kuwa su ce mutuwar ɓarin jiki.

Da wuya a sami unguwar da ba ta san shi ba. Kun sha ganin dattijo yana tafe yana jan ƙafa ɗaya, hannunsa a lanƙwashe a ƙirji. Kun san gidan da aka kwantar da tsohuwa a ɗaki, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Jiya suna lafiya lau, yau sai an ɗaga su an kwantar. Don yana zuwa farat ɗaya, shi ya sa mutane da yawa kan ce iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa. To, ku ba mu hankalinku, ku ji abin da likitoci suka gani da idonsu, ku ji kuma abin da za ku yi ran da ya sami wani naku.

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN KAI

Ciwon nan a hannu da ƙafa ake ganinsa, amma a cikin kai yake. Ƙwaƙwalwa ita ce mai ba da umarni ga dukan jiki. Ita ke cewa hannu ya ɗauka, ƙafa ta taka, harshe ya furta. Abincinta kuwa jini ne. Ƙarama ce, amma wajen kashi ɗaya cikin biyar na iskar da jini ke ɗauka ita ke cinyewa, kuma ba ta da rumbu, ba ta ajiyar ko na awa ɗaya. Manyan jijiyoyin jini huɗu ke kai mata, biyu ta gaban wuya, biyu ta baya. In ka ɗora yatsa a gefen maƙogwaronka za ka ji ɗaya tana harbawa. A cikin kai sai su rarrabu kamar rassan itace, kowane reshe da yankin da yake ciyarwa.

Hanya biyu ce ciwon ke zuwa. Ta fari, reshe ɗaya ya toshe, jini ya kasa wucewa. Ta biyu, reshe ya fashe, jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwa. Tun a 1658 wani likitan ƙasar Suwizalan, Johann Jakob Wepfer, ya duba kawunan waɗanda suka mutu da wannan ciwo, ya nuna cewa a jijiyoyin jinin kai matsalar take. Irin na toshewa shi ya fi yawa, shi ne kuma za mu fi tsayawa a kansa yau.

Ku manoma ne, kun san abin da kan sami gero in ruwa ya ɗauke bayan shuka. Wanda ke kan tudu, inda yashi ya fi zafi, shi ke fara ƙonewa, ba shi da sauran magani. Na kewaye da shi kuwa yaushi kawai yake yi, ganye ya naɗe, amma da sauran rai. In hadari ya sauka da wuri sai ya farfaɗo. In ya yi jinkiri sai fari ya ci gaba da ci, har gona ta tafi. Haka ƙwaƙwalwa take in jijiya ta toshe. Tsakiyar wurin kan mutu cikin 'yan mintoci. Gefensa kuwa yana nan tsakanin rai da mutuwa, yana jiran jini. Sai dai gero kan jira kwanaki, ƙwaƙwalwa kuwa awoyi kaɗan take iya jira. A 2006 wani likitan Amurka ya lissafta cewa in babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 ke mutuwa a kowane minti ɗaya. Duk aikin likita a ranar farko shi ne ya ceci wannan gefe da bai riga ya ƙone ba.

Ga wani abu kuma. Ɓarin ƙwaƙwalwa na hagu shi ke mulkin daman jiki, na dama ke mulkin hagu. Wurin magana kuwa, ga yawancin mutane, a hagu yake. Shi ya sa wanda damansa ta shanye sau da yawa maganarsa kan tafi tare. Yana ji, yana gane ku, kalma ce ta ƙi zuwa. Kada ku ce ya haukace.

ME KE TOSHE JIJIYA?

Na ɗaya, kuma uban duka, hawan jini. Akwai wani babban bincike da ake kira SIREN, wanda aka yi a asibitoci 15 na Nijeriya da Gana, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. An duba mutum 2,118 masu wannan ciwo, aka gwada su da waɗansu masu lafiya, aka fid da sakamako a 2018. An sami wajen biyu cikin uku toshewa ce ta same su, sauran kuwa fashewa. Masu binciken suka lissafta cewa da za a kawar da hawan jini, da kusan tara cikin goma na ciwon nan ba su auku ba. Watau a ƙasarmu, in ka ce shanyewar jiki, kusan ka ce hawan jinin da ba a kula da shi ba.

Yaya yake yin ɓarna? Jini in yana gudu da ƙarfi fiye da kima shekara da shekaru, sai ya ƙuje cikin jijiya. Bangonta ya yi kauri, ya yi tauri, kitse ya manne a wurin, hanya ta yi ta ƙuntata kamar bututun famfo da tsatsa ta cika. Rana ɗaya sai jini ya daskare a wannan matsatsi, ya rufe shi ruf. Mugun abu da hawan jini shi ne ba ya sallama. Mutum yana noma, yana cin tuwonsa, ba ciwon kai, ba jiri, alhali jininsa ya hau. Ba mai saninsa sai an auna. Ba kuma ciwon masu kuɗi ko masu ƙiba kaɗai ba ne. Siririn makiyayi ma yana samunsa.

Na biyu, ciwon suga. Shi ma yana cin jijiyoyi a hankali. Mai yawan fitsari da dare, da yawan ƙishirwa, da rama ba dalili, ya je a auna shi.

Na uku, taba, ko sigari ko shisha ko wace iri. Hayaƙinta yana lalata bangon jijiya, yana sa jini saurin daskarewa.

Na huɗu, abinci da zama. Binciken nan da muka ambata ya sami cewa masu ƙara gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, da masu cin nama kullum, da masu ƙaton tumbi, da masu yawan kitse a jini, da marasa motsa jiki, sun fi kamuwa. Masu cin ganye kullum kuwa sun fi tsira.

Na biyar, zuciya. Wani lokaci gudan jinin ba a cikin kai yake haɗuwa ba. A cikin zuciya yake daskarewa, sa'an nan ya ɓalle, jini ya ɗauke shi har ya maƙale a wata siririyar jijiya ta ƙwaƙwalwa. Wannan kan sami wanda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai, yanzu sauri, yanzu tsayawa. Yakan sami wanda ya yi ciwon maƙogwaro da na gaɓoɓi yana yaro har ƙofofin zuciyarsa suka lalace. Yakan sami mai jego wadda zuciyarta ta raunana bayan haihuwa, ciwon da likitocin Zariya suka ba da labarin yawansa a ƙasar Hausa tun shekarun 1970. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a zaune, a kai ta asibiti, a kuma dakatar da kunun kanwa.

Na shida, sikila. Kada ku zaci ciwon tsofaffi ne kaɗai. Yaro mai sikila, in ba a yi masa rigakafi ba, wajen ɗaya cikin goma kan sami shanyewar jiki kafin ya kai shekara 20. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kan yaro, ba zafi, ba allura, ta auna gudun jini, ta nuna wanda ke cikin haɗari. Likitocin Kano da Kaduna, tare da abokan aikinsu na Amurka, sun gwada ba irin waɗannan yara maganin haidiroksiyuriya kullum, suka fid da sakamako a 2022, ya nuna ko ƙaramin awo na maganin yana kare su. Mai yaro mai sikila ya tambayi likita wannan awo.

YADDA ZA KU GANE SHI

Alamarsa babba ita ce zuwa farat ɗaya. A ce ranar Alhamis ce, kasuwar Maigatari ta cika, kana kara tare da wani dillalin shanu kuna ciniki. Sai sandarsa ta faɗi daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannu ya ƙi. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ka ji kamar ya cika baki da tuwo. To, abu uku za ka gwada nan take.

Fuska. Ka ce ya yi murmushi ko ya nuna haƙora. In gefe ɗaya ya zube, alama ce.

Hannu. Ka ce ya miƙa hannu biyu gaba ya riƙe. In ɗaya ya sauka da kansa, ko ya ƙi tashi sam, alama ce.

Magana. Ka ce ya faɗi sunansa da sunan garinsu. In harshe ya yi nauyi, ko yana faɗin abin da ba ya da ma'ana, ko bai gane tambayar ba, alama ce.

Ko ɗaya ka gani cikin ukun nan, ya isa. Ba sai sun taru ba. Akwai waɗansu alamun kuma: ido ɗaya ya rufe da duhu nan da nan, ko mutum ya ga abu ɗaya ya zama biyu, ko ɓarin jiki ya mutu ya daina jin taɓi, ko jiri mai tsanani da tangaɗi kamar mai maye. Ku lura, irin na toshewa sau da yawa ba ya zuwa da ciwon kai ko kaɗan. Rashin zafi ba ya nufin abin ƙarami ne.

Akwai kuma wanda ke zuwa ya wuce. Hannu ya mutu na minti goma, ko baki ya karkace na ɗan lokaci, sa'an nan komai ya koma daidai. Sai a ce alhamdu lillahi, iska ce ta gifta. Jama'a, wannan ɗan aike ne. Jijiya ce ta toshe ta buɗe, babban yana tafe, kuma kwana biyun farko su ne mafi haɗari. Wanda ya ga haka ya tafi asibiti a ranar, ko da yana tafiya da ƙafarsa.

ABIN DA ZA KU YI KAFIN A ISA ASIBITI

Da fari, ku duba lokaci. In ba agogo, ku riƙe cewa kafin azahar ne ko bayan la'asar. In an tashi da safe an same shi a haka, ku tuna yaushe aka gan shi lafiya a ƙarshe. Likita zai tambaya, kuma da wannan amsa zai san irin maganin da zai iya bayarwa.

Na biyu, ku kwantar da shi a gefe ɗaya, kai a ɗan ɗage, ku sassauta masa wuyan riga, ku cire rawani. In ya yi amai, kwanciyar gefe ce za ta hana shi shaƙewa.

Na uku, ku nemi mota nan take, ku nufi babban asibiti mafi kusa. Ga yawancinku shi ne Babban Asibitin Gumel. Ko kuna Danzomo, ko Galadi, ko Medu, kada ku ce sai gobe in gari ya waye, kada ku ce sai babban wansa ya dawo daga tafiya. Ku buga masa waya kuna hanya. In ba mota sai babur, a sa mutum a bayansa ya riƙe shi da kyau. Ku tafi da duk magungunan da yake sha.

Ga kuma abin da ba za ku yi ba. Kada ku ɗura masa komai a baki, ko ruwa, ko kunu, ko jiƙo, ko rubutu. Ciwon nan yakan kashe maƙogwaro yadda yake kashe hannu. Abin da kuka ɗura, maimakon ciki sai ya bi hanyar iska ya faɗa huhu, bayan kwana biyu zazzaɓi da ciwon huhu su tashi. Da yawa daga waɗanda ke mutuwa a makon farko da na biyu, wannan ne ajalinsu. Mai son yin addu'a ya yi, ya tofa masa a cikin mota ana tafiya. Addu'a ba ta hana tafiya, tafiya ba ta hana addu'a.

Kada a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga. Gudan jinin yana can cikin ƙoƙon kai, ƙaho ba ya kai wa gare shi. Kada a turara masa hayaƙi a ɗaki a rufe. Kada ku sayo asfirin a kemis ku ba shi, za ku ji dalili yanzu. Kada kuma a yi masa allurar saukar da jini da gaggawa a gida. A wannan lokaci jiki da kansa yakan ɗaga jini don ya tura shi ga gefen nan mai yaushi. In aka saukar da shi farat ɗaya, an ƙara wa gona fari ke nan. Likita ne ya san lokacin saukarwa da gwargwadonta.

ABIN DA LIKITA ZAI YI

Da isarku za a auna jininsa da bugun zuciya da zafin jiki. Za a soki yatsa a auna suga, don faɗuwar suga takan kwaikwayi wannan ciwo sarai, ita kuwa ana warkar da ita cikin mintoci. Likita zai gwada ƙarfin gaɓoɓi da ido da magana. Za a gwada ko yana iya haɗiya kafin a yarda a ba shi ko cokali ɗaya. In ba ya iyawa, sai a sa siririn tiyo ta hanci zuwa ciki a riƙa ba shi kunu da magani ta nan. Kada ku ji tsoron tiyon nan, kada ku ce alamar mutuwa ce. Shi ke tsare huhu.

Sa'an nan akwai hoton ƙwaƙwalwa. Toshewa da fashewa alamunsu kusan ɗaya ne, ko babban likita ba ya iya rantsuwa a kan wanne ne da ido kaɗai. Maganinsu kuwa kishiyoyi ne. Mai toshewa ana ba shi abin da zai hana jini daskarewa. In aka ba mai fashewa wannan, an ƙara masa zubar jini. Kun ji dalilin da ya sa muka hana ku asfirin a gida. Na'urar da ke raba gardama ita ce ake kira siti sikan, wadda aka fara ɗaukar hoton kan majinyaci da ita a London a 1971. Ana kwantar da mutum, kansa ya shiga cikin wani zobe, cikin 'yan mintoci an gama, ba zafi. Ba kowane asibiti ke da ita ba. Sabo da haka in likita ya ce ku wuce Dutse ko Kano, kada ku ce ya kore ku ne. Daga Gumel zuwa Kano tafiyar wajen awa biyu ce a mota, shi ya sa awar da kuka ɓata a gida ba ta da madadi.

In hoto ya nuna toshewa ce, akwai magani hawa uku. Akwai allurar da ke narkar da gudan jini. An tabbatar da amfaninta a Amurka a 1995, a 2008 kuma aka nuna tana aiki har zuwa awa huɗu da rabi daga farawar ciwo. Bayan wannan lokaci haɗarinta yakan fi amfaninta. Akwai kuma aikin da ake zura siririn tiyo ta jijiyar cinya har cikin kai a jawo gudan jinin waje, wanda aka tabbatar da shi a 2015. Ba za mu ɓoye muku ba, waɗannan biyun suna da tsada ƙwarai, kuma a ƙasarmu 'yan asibitoci kaɗan ne ke yin su.

To, in haka ne, mene ne amfanin gaggawa? Amfaninta babba ne, don hawa na uku yana kusa da kowa. Shi ne asfirin da likita zai fara bayarwa cikin kwana biyun farko, bayan ya tabbata ba zubar jini. An gwada wannan a kan mutum wajen 40,000 a ƙasar Sin da waɗansu ƙasashe, aka fid da sakamako a 1997, aka ga yana rage dawowar ciwon da mutuwa. Tare da shi akwai ƙarin ruwa don jini ya gudana, da saukar da zazzaɓi, da daidaita suga, da tsare huhu, da juya majinyaci, da maganin rage kitsen jini. In daga zuciya gudan ya fito, akwai maganin tsinka jini na musamman da za a ɗora shi a kai. Waɗannan ba su da ban mamaki a ido, amma su ke raba wanda zai tashi ya taka da wanda zai dawwama a tabarma.

BAYAN AN SALLAMO SHI

Yanzu aiki ya dawo hannunku, ku mutanen gida. Wurin da ya mutu a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa, amma maƙwabtansa suna iya koyon aikinsa in ana matsa musu. Sauƙi ya fi sauri a wata uku na farko, yana kuma ci gaba bayan nan a hankali. Ku je wurin ma'aikatan gashin ƙashi na asibiti su koya muku motsa gaɓoɓi, ku riƙa yi masa kullum, safe da yamma.

Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi kowace awa biyu, a tsare shimfiɗarsa a bushe, don kada gyambon kwanciya ya fito a ƙugu da diddige. In za a ɗaga shi, kada a ja shi ta hannun da ya mutu, kafaɗa za ta goce. Kada a gasa masa gaɓa da garwashi ko ruwa mai zafi, don ba ya jin zafi a wurin, sai ya ƙone bai sani ba. In za a ba shi abinci a zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan. In yana tari ko muryarsa ta canza bayan haɗiya, a tsaya a gaya wa malamin asibiti.

Kada ku ɓoye shi a ƙuryar ɗaki. Ku fito da shi zaure ko inuwa, a yi hira da shi, a ba shi lokaci ya nemo kalmarsa, kada a riƙa ƙarasa masa. Ku bar shi ya yi abin da yake iyawa da kansa ko da zai daɗe. In kun ga yana kuka ba dalili, ko ya daina son abinci da mutane, ku faɗa wa likita, wannan ma daga ciwon ne, kuma yana da magani. Mai jinya ma a riƙa karɓarta ta huta, kada a bar wa mace ɗaya.

Abu mafi girma, kada ya daina shan magani don ya ji sauƙi. Wanda ciwon ya taɓa sau ɗaya ya fi kowa kusa da na biyu.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Masana sun lissafta cewa a duniya, cikin mutum huɗu da suka wuce shekara 25, ɗaya zai gamu da wannan ciwo a rayuwarsa. Amma kun ji yawancinsa ana iya tare shi, kuma wurin tare shi shi ne wannan ɗakin shan magani da kuke zuwa. Ga abin da muke roƙonku.

1. Duk baligi, mace ko namiji, ya sa a auna jininsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Yau ma, kafin ka bar ɗakin shan magani, ka ce wa malam ya auna ka. Ba ya ɗaukar minti biyar. In awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka sake aunawa wata rana aka same shi haka, hawan jini ne.

2. Wanda aka ɗora a kan magani ya sha kullum. Maganin hawan jini ba kamar na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a bari. Linzami ne, ran da ka cire doki zai zabura. Da azumi kada ka ajiye shi, ka tambayi likita yadda za ka mai da shi sahur ko buɗa baki.

3. Uwargida, ki rage gishiri da magi da kanwa a tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya. Maigida, kada ka ƙara barbaɗawa a kan akushi.

4. Ku yawaita ganye. Zogale da rama da yakuwa da alayyafo da tafasa duk muna da su, ba sai an sayo daga nesa ba. Ku rage kitse da yawan nama da lemon kwalba.

5. Mai shan taba ya bari. Mai zaman shago ko tasha ko tuƙin mota ya sami rabin awa kullum ya yi tafiya da ƙafa.

6. Ku shirya tun yau. Mai unguwa da dagaci su san motar wa za a kira in abu ya faru da dare, lambar direban tana hannun mutane da yawa. Ku koya wa matanku da 'ya'yanku abu ukun nan: fuska, hannu, magana.

Jama'a, da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. In kun ga alama ɗaya, ku duba lokaci, ku kwantar da shi a gefe, kada ku ba shi komai a baki, ku kama hanyar asibiti. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, a masallaci da majalisa da gidan suna. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare masu lafiya. Sai wani mako in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.